Gyaran da Na Rubuta a Gefe

Ranar Talatar da akwati na goma sha ɗaya ya yi shiru, na san dalili tun kafin in cire hulata. Ina shiga shago na ga lambarsa a kwamfuta ta tsaya cak a kan awon jiya da la'asar. Na gaida Injiniya Tambari, na zauna, na shiga goge teburin da ba abin da ya same shi.

Shagonmu yana Runjin Sambo, ɗaki biyu ne bayan wani mai gyaran keke-napep. Mu biyu ne kawai a ciki: Injiniya Tambari, wanda ya koya mini riƙon ƙarfen dalma tun ban san gaba da bayansa ba, da ni Abdulshakur. Akwatuna goma sha huɗu muka ƙera, muka kafa su a bakin gulbi, daga fadamar Wamakko har can sama inda hanya ke ƙarewa. Kowanne yana kan dogon ƙarfe, da farantin sola da batir da eriya. Aikinsu ɗaya ne: su auna tsayin ruwa su aiko mana. Idan na sama suka ga ruwa yana hawa, kwamfuta ta tura saƙo zuwa wayar Maccido, shugaban manoman shinkafa na wani ƙauye bayan Wamakko. Daga akwatin ƙarshe zuwa gonakinsu ruwa yana cin kwana biyu a hanya, kuma kwana biyu sun isa a yanke abin da ya nuna, a kwashe injinan ban ruwa, a kai tudu.

Kafin mu zo da wayonmu, su Maccido suna da nasu tsarin. Duk damina sukan tura mutum biyu su je sama su zauna, da sanda mai tsage-tsage kafe a bakin ruwa. In ruwa ya haye tsaga ta huɗu, su aiko a sani. Bana ba su tura kowa ba. Ina tsaye a wurin Maccido ya ce da jama'arsa, "Tunda ga akwati, mi na na amfanin mutum shi bar gonatai shi tahi gadin sanda?" Aka yi dariya, ni ma na yi, har da gyara tsayuwa kamar wanda ya yi abin kirki.

To, ga inda matsalar take, kuma ba ta da wuyar ganewa. A cikin kowane akwati akwai fanel, wato allon da ake dalmace kayan lantarki a kai, a jikin fanel akwai wani ɗan aisi, ɗan mitsitsin abu mai ƙafafu da yawa, wanda shi ke miƙa saƙo ga eriya. Wannan aisin ba ya motsi sai da agogo. Ba agogon duba lokaci ba, wani bugu ne na lantarki da ke tafiya daidai, kamar yadda mata biyu ke lugude a turmi ɗaya: in babu bugun da za a bi, hannu ba ya sauka. Akwatuna takwas na farko, na kusa da gari, aisinsu yana da nasa agogon a jikinsa. Shida na sama kuwa daga baya aka kawo mana fanel ɗinsu, kuma su daga wani aisi na daban suke aron bugun. Saboda haka manhajar da ke tuƙa aisin, wadda muke kira direba, dole duk lokacin da akwati ya farka ta tambaya: akwai agogon waje ko babu? In akwai ta kunna, in babu ta wuce abinta.

Injiniya ne ya rubuta wannan wurin da hannunsa. Ya rubuta cewa duk amsar da ba "ga shi" ba ce, a ɗauka babu. Amma amsoshin uku ne. Akwai "ga shi", akwai "babu", akwai kuma "dakata, yana nan, bai gama farkawa ba". A kan teburin shago, da wuta tsayayya, agogon yana riga kowa tashi, ba ka taɓa jin amsa ta ukun. Sai ranar da batir ya yi sanyi, akwati ya mutu ya sake tashi da ƙyar, agogo ya makara da ƙiftawar ido. Direba ta ji "dakata" ta ɗauka "babu" ce, ta wuce. Daga nan akwatin yana raye, yana auna ruwa, fitilarsa kore shar, amma bakinsa a rufe. Kuma batirin sola ba ya sanyi sai an jera kwanaki ana hadari, wato daidai lokacin da ake bukatarsa.

Na ga wannan tun watan Sha'aban, ana tsakiyar rani. Layi ɗaya ne. Da yatsa biyu zan gyara shi kafin shayi ya huce.

Sai dai ni ɗan Ƙofar Kware ne, a gidan littattafai na tashi. Kakana yana da tsofaffin rubuce-rubucen hannu a cikin gafaka, kuma abin da aka fara koya mana kafin mu iya riƙe alƙalami sosai shi ne ba a sa hannu a cikin rubutun malami. Ko ka ga kuskure ƙuru-ƙuru, ba ka kankarewa. A gefen takarda za ka rubuta da ƙananan baƙaƙe, "la'allahu", wato wataƙila kaza ake nufi, ka mayar da takardar inda take. In malam ya duba ya yarda, zai sa "sahha" a ƙarƙashi, wato ya inganta, sannan a gyara. In ya yi shiru, to ka sha jinin jikinka, ba ka sake tayar da maganar. Na taɓa ganin yayana ya gyara wasali ɗaya a cikin matani ba da izini ba, kakanmu ya yi wata guda bai kira shi karatu ba.

A manhaja ma akwai gefe. Akwai wurin da ake rubuta bayani don mutum ya karanta, na'ura kuwa ta tsallake shi kamar babu. Nan na je, a saman layin Injiniya, na rubuta da Hausa mai ladabi: "Wataƙila, Allah ne mafi sani, akwai amsa ta uku a nan, ta jira. Idan Malam ya ga dacewa, a mayar da ita sama don a sake gwadawa." Na karanta shi ya fi sau biyar, ina jin daɗin yadda ya fita ba raini a ciki. Kai, wauta dai ba ta da kama.

Bayan kwana biyu na ga Injiniya ya buɗe wurin. Ina daga bayansa ina kwance wata eriya, amma idona yana kan kwamfutarsa. Ya tsaya a kan rubutun, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa. Sannan ya rufe ya ce in miƙo masa filaya. Shi ke nan. Na jira mako guda, ba "sahha", ba kome. Na ce a raina Malam ya duba bai yarda ba, ƙila akwai abin da ya sani wanda ban sani ba. Da hannuna na ɗora wa fanel shidan nan manhaja yadda take, muka kai su sama muka kafa.

Yanzu ga shi an kwana uku rana ba ta leƙo ba, na goma sha ɗaya ya yi shiru.

Injiniya ya leƙo ya duba, ya ce, "Eriya ta. Iskar shekaranjiya taj juya ta. In hanya ta bushe mu tahi mu daidaita."

Na ce, "To, Malam."

Abin da na faɗa ke nan, kuma har in mutu ba zan daina jin haushin wannan "to" ɗin ba.

Laraba da safe na goma sha uku da na goma sha huɗu suka bi sahu, kafin azahar na tara. Na yi ta shiga da fita, na sha ruwa ba ƙishirwa. Ina ta shirya maganar a baki: zan ce Malam ko ka tuna wani ɗan rubutu, a'a, zan ce Malam ina da tambaya. Duk wadda na ɗauko sai in ji kamar ina cewa dattijo, ga kuskurenka, na faɗa maka ka ƙi ji. Shi kuma ya koma zargin batir, yana cewa 'yan kasuwa sun sayar mana da na jabu.

Da la'asar Maccido ya kira, kuma wayata ya kira.

"Malam Abdu, ina labarin gulbi? Mun ga sama ta ƙi washewa. Mi akwatinku yac ce?"

Na dubi kwamfuta. Takwas na ƙasa suna magana lafiya, ruwa bai wuce inda yake ba. Biyu na sama da suka rage su ma ba su nuna hawa ba.

Na ce, "Har yanzu dai lahiya lau, Baba."

"Madalla. Shinkahwa kwana goma taka nema, ta hwara sunkuyawa. In munka yanke yanzu rabi ƙaiƙayi na. Mun dogara ga Allah, sannan muna saurarenku."

Ban yi masa ƙarya ba, amma ban gaya masa cewa huɗu daga cikin idanunsa shida na sama sun rufe ba. Na ajiye waya ina jin kunyar kaina kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

Wayewar garin Alhamis duk shidan sun yi tsit. Ranar na yi niyya da gaske, har na tsaya a bakin ɗakinsa. Na tarar ya yi baƙo, wani abokinsa, suna hira suna dariya, na ce ba a gaban mutane ba. Da baƙon ya tafi ya ce kansa na ciwo zai je gida, na ce ba yau ba, ba a tare mara lafiya da irin wannan. Ladabi yana da dalilai da yawa in mutum matsoraci ne, kuma duk na samo su.

Sai ranar Juma'a, bayan mun sauko daga masallaci, na ja kujera kusa da shi, na buɗe wurin, na juya masa kwamfuta ba tare da na dube shi ba. Na ce, "Malam, ina ganin ba eriya ba ta. Ina ganin wanga wuri na."

Ya karanta rubutuna. Ya sauko ya karanta layin da ke ƙarƙashinsa.

"Abdu, wanga tsohon kwahin manhaja na ko?"

"Shi na ka cikin akwatunan, Malam."

"Ba ka gyara ba?"

"Ba ka ce in gyara ba."

Ya juyo gaba ɗaya ya kalle ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo da wani yare. "In ce mi? Kai kag gani, kai kar rubuta, kai ka ɗora manhaja ga fanel. Na karanta, na ga gaskiyakka ta, har na ji daɗi nac ce yaron ga ya wuce ni. Mi zan ƙara?"

"Shiru kay yi, Malam."

"To, shirun ba shi na ba? Ni wurin mai gyaran rediyo nit tashi. Shekara tara, bai taɓa ce mani ka yi daidai ba. In ka ɓata ka ji ƙeya ta yi zahi, in ba ka ji komi ba ka yi daidai." Ya sassauta murya. "Kuma ban ɓoye maka, na ji nauyi. Ban so mu tsaya muna maimaita kuskurena ba."

Na ce, "Gidanmu in malami ya yi shiru, ya ƙi ke nan."

Shekara goma sha ɗaya muna zaune a ɗaki ɗaya, muna cin tuwo a kwano ɗaya, ashe kowa da abin da yake ji in an yi shiru. Ya jawo kwamfutar ya gyara layin da kansa, bai kai minti biyu ba. Sannan muka zauna muna kallon gyaran, domin ba hanyar aika shi. Ta eriya muke tura wa akwatuna sabuwar manhaja, kuma aisin da zai karɓa shi ne ya mutu. Sai dai mutum ya je da ƙafarsa, ya hau ƙarfe, ya buɗe kowane akwati.

Injiniya ya ɗauki waya ya kira Maccido, ya gaya masa gaskiya ba kwana-kwana: na sama duk sun makance tun kwanaki, a tura mutane yanzu. Ina jin muryar Maccido daga inda nake.

"Injiniya, ruwa na zuwa ko ba shi zuwa?"

"Ban sani ba, Maccido."

"To in ce ma mutane su yanke ɗanya bisa ban sani ba?"

Babu wanda zai ga laifinsa. Ya tura mutum biyu a babur da yammacin nan, ya ce sauran su wasa lauje su jira.

Ni ma da sassafen Asabar na ɗaure ƙaramar kwamfuta ta hannu a leda, na goya ta, na hau babur. Na wuce Wamakko, na bar kwalta, na shiga laka. Sau uku ina faɗuwa. Wajen hantsi na isa wata ƙorama da muke tsallakewa da ƙafa lokacin da muka zo kafi, na tarar ta zama gulbi, ja wur, tana tafe da itatuwa da buhunan taki. A can gefe na hangi mutanen Maccido su biyu, su ma ruwan ya tsare su tun jiya, suna ta ɗaga waya sama suna neman sabis. Ina tsaye a wurin sabis ya ɗan kama, wayata ta yi ƙara. Saƙon kwamfutar shago ne, irin wanda take tura wa Maccido: akwati na takwas, na ƙarshe cikin masu tsohon fanel, ya ga ruwa yana hawa. Ya yi aikinsa tsaf. Daga shi zuwa gonaki awa biyar ne.

Na juya. Da na iso fadama bayan azahar, duk ƙauyen yana ciki, maza da mata da tsofaffi, ana yanka ana jifa a amalanke, wasu a ka, wasu a zane. Na ajiye babur na karɓi lauje a hannun wata tsohuwa, ban iya ba, na yanke yatsa, na ci gaba. Ruwan bai zo da ƙara ba. Ta cikin kunyoyi ya fara shigowa, a idon sawu, sannan ƙwauri, sannan gwiwa. Kafin la'asar sakaliya Maccido ya daka tsawa a fito. Muka tsaya a tudu muna kallo har kan shinkafar ya nutse. Abin da aka fitar bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, injinan ban ruwa bakwai suka kwana a ciki. Babu wanda ya zage ni. Wani ma ruwa ya ba ni in wanke yatsana, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Sai bayan kwana goma sha biyu hanya ta buɗe. Na je sama ni kaɗai, domin Injiniya tun ranar Alhamis ɗin nan ciwon kai bai sake shi ba, yana zuwa shago ya zauna, maganarsa ba ta wuce gaisuwa. Na hau ƙarfen akwati na goma sha huɗu na buɗe. Fitilarsa kore shar. Na jona kwamfuta, sai ga lambobi suna zubowa, awon kowane minti goma, ba ko ɗaya da ya ɓace. Yana nan yana gani, yana rubutawa a cikinsa, ba ya gaya wa kowa. Na zauna a gindin ƙarfen na yi kuka, irin wanda rabona da shi tun rasuwar kakana. Bayan nan na ɗora masa gyaran, ya tashi, cikin daƙiƙa kaɗan ya yi magana da gari. Haka na bi sauran biyar ɗin.

A hanyar dawowa na tsaya ƙauyen. Na sami Maccido zaune a kan tabarma ƙarƙashin dalbejiya, yana warware ɗan abin da aka tsira da shi a rana, baƙi-baƙi, yana warin ruwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kyau, ya tambayi jikin Injiniya. Na ce masa an gyara, duk goma sha huɗun suna magana yanzu, kuma abin ba zai sake faruwa ba. Ya gyaɗa kai yana ta juya shinkafa da tafin hannu.

Ya ce, "Abu guda nika son sani. Akwatin na sama, ya ga ruwan?"

"Ya gani, Baba."

"Yaushe?"

Na so in ce ban duba ba. Na ce, "Alhamis, da hantsi."

Ya ƙirga da yatsunsa a hankali. Alhamis, Juma'a, Asabar. Ya tsaya a yatsa na uku ya daɗe yana kallonsa.

"Kai kuwa yaushe kas san ba shi magana?"

"Talata."

Bai ɗago ba. Ya ɗebi shinkafar ya murza, ta farfashe a hannunsa, ya hure.

"Malam Abdu, kun yi ƙoƙari, Allah shi saka. Ku zo ku kwashe akwatunanku." Ya goge hannu a gwiwa. "Amma ku bar muna ƙaruhhan, sun kahu da kyau. Mu yi masu tsaga, baɗi in Allah ya kai mu mu tura mutum biyu su zauna."